Maki 43 a dare ɗaya: yadda ake gane ɗan ƙwallon kwandon jami'a da ya isa shiga NBA

Ranar 26 ga Janairun 2011, jami'ar BYU ta karɓi baƙuncin jami'ar San Diego State a garin Provo na jihar Utah. Baƙin sun zo da wasa 20 a jere ba wanda ya kai bayansu ƙasa. Aka tashi 71 da 58, masu gida suka yi nasara, kuma 43 daga cikin makin nan daga hannun mutum ɗaya suka fito, Jimmer Fredette. A ɓangaren baƙi akwai wani yaro mara yawan magana mai suna Kawhi Leonard, wanda ya ci maki 22, ya kuma cafe ƙwallo 15 da suka kuskure kwando. Washegari babu mai zancensa. Ko'ina a Amurka Jimmer ake yi.

Bayan wata biyar, a zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Amurka, aka ɗauki Fredette na 10, Leonard na 15. Shekara uku kacal da haka Leonard ya ɗaga kofi da San Antonio Spurs, aka kuma ba shi kyautar gwarzon wasannin ƙarshe na 2014. Fredette kuwa ya yi ta yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan, matsakaicin makinsa 6 a wasa, daga bisani ya koma Shanghai ta ƙasar Sin, inda ya dawo da halinsa na da, har ya zuba sama da 70 a wasa guda. Ashe hannun yana nan, NBA ce ba ta da wurin ajiye shi.

Duk wanda ke son fahimtar yadda ake auna shirin ɗan wasan jami'a, wannan daren ya ishe shi mafari, domin abin da ya fi ɗaukar idon ɗan kallo, wato yawan maki, shi ne abin da ya fi saurin zubewa a hanya.

Ƙofar ma ƙanƙanuwa ce. Jami'o'in da ke rukunin farko na NCAA, gasar jami'o'in Amurka, sun haura 350, 'yan wasansu dubbai ne. NBA kuwa ƙungiya 30 ce, zaɓenta zagaye biyu, gurbi 60 a shekara, kuma a cikin waɗannan guraben 'yan wasan Turai da Ostareliya da sauran duniya suna da rabonsu. Tun daga zaɓen 2006 doka ta ce sai yaro ya cika 19 a shekarar zaɓen, kuma sai ya yi shekara ɗaya da gama sakandare. Kafin nan su Kevin Garnett a 1995, Kobe Bryant a 1996 da LeBron James a 2003 daga sakandare suka wuce kai tsaye. Wannan doka ce ta haifar da yaran da ke leƙa jami'a kaka ɗaya su fice, ta kuma bar wa ƙungiyoyi wasa talatin da wani abu kawai su yanke hukuncin miliyoyin daloli a kansu. Wani lokacin ko hakan ba a samu: Kyrie Irving wasa 11 ya buga wa jami'ar Duke aka ɗauke shi na farko a 2011, James Wiseman kuwa wasa uku ya yi a jami'ar Memphis aka ɗauke shi na biyu a 2020.

Sunan wasan ɗaya, amma ƙa'idojin sun bambanta yadda har suke sauya wanda zai yi fice. A jami'a minti 40 ake yi, a NBA 48. Ƙungiyar jami'a tana da daƙiƙa 30 ta yi jifa, ta NBA 24. Layin maki uku, wanda jifa daga bayansa ke kawo maki uku, a jami'a mita 6.75 ne daga kwando tun 2019, na NBA ya kai mita 7.24 in ban da a kusurwa. Kakar jami'a ba ta cika wuce wasa 40 ba ko ga wanda ya kai wasan ƙarshe, ta NBA wasa 82 ne kafin a shiga na sili-ɗaya-ƙwale, ga tafiye-tafiye, ga wasa yau wasa gobe. Sai kuma wata doka da 'yan kallo ba su cika lura da ita ba, alhali ita ce ta fi kowace tasiri: a NBA mai tsaro ba zai tsaya a ƙarƙashin kwando fiye da daƙiƙa uku ba in ba wani yake tsaro ba. A jami'a babu wannan. Dogo yana iya kafa rumfa a gindin kwando tun daga farkon wasa har ƙarshensa, abokansa su kewaye shi. Jami'ar Syracuse ta shafe shekaru masu yawa ƙarƙashin koci Jim Boeheim tana irin wannan tsaro na yanki, inda kowa ke gadin wuri maimakon mutum. Wanda ya fito daga irin wannan tsarin, ba wanda ya taɓa ganin yadda zai yi idan aka bar shi shi kaɗai da wani mai sauri a tsakiyar fili.

Saboda haka tambayar da ƙwararren mai farautar 'yan wasa ke yi wa kansa idan ya zauna kallo ita ce: in aka ƙwace wa yaron nan duk fifikon da jami'a ta ba shi, me zai saura? Fifikon nan iri-iri ne. Wani ya girmi abokan karawarsa da shekara uku. Wani ya fi kowa tsayi a rukunin da yake. Wani kuma koci ya damƙa masa ƙwallo ya ce ya yi yadda ya ga dama, sauran huɗun su yi masa hidima. Fredette yana da na farko da na uku. Shekararsa 22, tsayinsa ƙafa 6 da inci 2, duk wasan BYU a kansa aka gina shi. Da ya isa ƙungiyar Sacramento ta NBA sai ya tarar da waɗanda suka riga shi riƙe ƙwallo, aka ce ya tsaya ya jira a miƙo masa, idan ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya kuma ya tsare mutanen da suka fi shi sauri da tsayi. Aikin da bai taɓa yi ba ke nan. Leonard bai cika 20 ba a ranar zaɓen, kuma abubuwan da ya iya, tsaro da cafe ƙwallo da ƙwace, ba sa buƙatar izinin kowa.

Batun shekaru ya kan ɓata wa masoya wasan jami'a rai, suna ganin rashin adalci ne a fifita ɗan shekara 19 mai maki 12 a kan ɗan shekara 23 mai maki 22. Amma mai sayen ragon layya ana gobe salla da mai sayen ɗan tunkiya don kiwo, ko da a kasuwa ɗaya suka haɗu, idonsu ba a kan abu ɗaya yake ba. Kalmar "shiri" tana ɗauke da waɗannan ma'anoni biyu, kuma yawancin gardamar da ake yi a kanta daga cakuɗa su take tasowa. Akwai wanda zai iya shiga fili a watan Oktoba ya buga minti 15 bai ba da kunya ba. Akwai kuma wanda zai yi shekara biyu yana ɓarna, amma idan ya kai 25 ƙungiya za ta rataya a wuyansa. Ƙungiyoyin da ke zaɓe a sahun gaba galibi su ne suka fi shan kashi a kakar da ta wuce, ba kofi suke hange bana ba, don haka na biyun suke nema. Masu zaɓe a ƙarshen zagaye su ne ke da tawagar da ta riga ta haɗu, mai toshe ɓaraka suke so. Yaro ɗaya yana iya zama shiryayye ga wannan, ɗanye ga waccan.

Idan maki ba abin dogaro ba ne, me ake dubawa? A nan ne masu ƙididdiga suka kawo abin da ni a ganina ya fi kowane amfani, wato jifan kyauta, wanda alƙalin wasa ke ba ɗan wasa idan an yi masa ƙeta. Nisansa ɗaya ne a jami'a da NBA, ba mai tare ka, ba ruwanka da tsarin koci ko kyawun wanda ya miƙo maka. Kai ne da hannunka. Jifan maki uku kuwa, a kaka ɗaya yaro bai fi ya gwada ɗari da 'yan kai ba, ƙwallo goma da suka shiga da sa'a sun isa su mayar da shi gwani a takarda. A zaɓen 2017 an ga wannan ƙarara. Markelle Fultz na Washington ya ci kashi 41 cikin ɗari na jifan maki uku, amma jifan kyautarsa kashi 65 ne. Lonzo Ball na UCLA shi ma 41 da 67. Jayson Tatum na Duke kuwa 34 kawai ya samu daga nesa, amma a jifan kyauta ya kai 85. Fultz ya tafi na farko, Ball na biyu, Tatum na uku, kuma Tatum ne ya shiga NBA da hannun da ya zauna tun kakar farko. Adalci dai a faɗi cewa Fultz ya gamu da ciwon jijiyar kafaɗa da wuya da ya lalata masa jifa, ba za a ɗora komai a kan lissafi ba, Ball kuma ya gyara salon jifansa daga baya. Duk da haka alamar tana nan tun a jami'a ga mai son gani.

Haka ƙwace ƙwallo da doke jifa. Ba yawansu ne abin sha'awa ba, abin da suke fallasawa ne: yaron da ke yawan ƙwace yana riga abokin karawarsa sanin inda ƙwallo za ta bi, kuma ƙafarsa tana iya kai shi can a kan lokaci. Wannan ganin ba ya raguwa don an sauya gasa.

Sai jiki. Kowane watan Mayu ana tara waɗanda ake sa ran ɗauka a birnin Chicago a auna su, a sa su gudu da tsalle, likitoci su duba su, ƙungiyoyi su yi hira da su ɗaya bayan ɗaya. A wurin ne tsayin da jami'a ta rubuta a takarda kan ragu da inci ɗaya ko biyu, don ba takalmi ake awon. Amma awon da ƙungiyoyi suka fi damuwa da shi shi ne wanda masu haƙar rijiya ke kira gaba, wato daga yatsan wannan hannu zuwa na wancan idan mutum ya ware hannuwansa. Ba da kai ake tare jifa ba. Leonard tsayinsa ƙafa 6 da inci 7, gabansa ƙafa 7 da inci 3. Donovan Mitchell da ƙyar ya wuce ƙafa 6 da inci 1 ba takalmi, amma gabansa ƙafa 6 da inci 10, shi ya sa gajartarsa ba ta hana a ɗauke shi na 13 a 2017 ba. Sauran gwaje-gwajen kuwa a riƙe su da sassauci. A 2007 Kevin Durant ya kasa ɗaga ƙarfe mai kimanin kilo 84 ko sau ɗaya, aka yi ta yi masa dariya a jaridu, wai ƙattin NBA za su karya shi. Shi ne gwarzon gasar na 2014. Desmond Bane kuma gabansa bai kai tsayinsa ba, wannan ya taimaka wajen jefa shi na 30 a 2020, ya zo ya kunyata waɗanda suka tsallake shi.

Inda sauyin zamani ya fi yin ta'adi shi ne wajen dogayen da ke wasa a gindin kwando. Jahlil Okafor ya ci kofin ƙasa da Duke a 2015, yana cin maki 17 a wasa, ƙafarsa a kusa da kwando kamar ta tsohon hannu. Philadelphia ta ɗauke shi na uku, a kakarsa ta farko ma ya ci 17 ɗin. Matsalar tana ɗaya ƙarshen filin. Babban makamin NBA a yau shi ne dogon ƙungiya ya zo ya tsaya wa mai riƙe da ƙwallo kamar shinge, don a tilasta wa dogon abokan hamayya ya fito daga gindin kwando. In ya fito mai sauri ya wuce shi, in ya ja baya a jefa masa maki uku a ka. Duk dogon da ƙafarsa ke da nauyi, za a yi ta kiransa wannan rawar har kocinsa ya gaji ya mayar da shi benci. Kafin ƙarshen 2017 Philadelphia ta rabu da Okafor. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango ya zama gwarzon 'yan wasan jami'a na 2022 a Kentucky, yana cafe ƙwallo 15 a kowane wasa, amma a zaɓen 2023 aka kira sunaye har aka gama ba nasa. Udoka Azubuike, haifaffen Legas, kusan kashi 75 cikin ɗari na jifansa a Kansas suna shiga, don daga bakin kwando yake dankara su. Jifan kyautarsa kuwa ko rabi bai kai ba. Na 27 aka ɗauke shi a 2020, kuma bai samu gurbi mai ɗorewa ba. Zach Edey na Purdue, mai ƙafa 7 da inci 4, sai da ya zama gwarzon shekara sau biyu a jere, 2023 da 2024, sannan Memphis ta yarda ta ɗauke shi na 9.

Jami'a tana kumbura wasu, tana kuma ɓoye wasu. Tawagar Kentucky ta 2015 ta ci wasa 38 ta faɗi ɗaya, taurari sun yi mata yawa har koci John Calipari ya riƙa raba mintuna kamar rabon nama. Devin Booker ko sau ɗaya ba a fara wasa da shi ba, makinsa 10, aikinsa ya tsaya a gefe ya yi jifa. Aka ɗauke shi na 13. Yana ɗan shekara 20 ya zuba wa Boston maki 70. Karl-Anthony Towns a tawagar nan jifan maki uku takwas kacal ya gwada duk kakar, don kocin a gindin kwando yake son sa, ya zo NBA ya zama ɗaya daga cikin dogayen da suka fi iya jifa daga nesa. Shi ya sa masu farauta ke zuwa kallon atisaye, suna kuma tono bidiyon wasannin sakandare, don su ga abin da aka hana yaro yi.

Akwai wasu 'yan Legas biyu da labarinsu ya isa darasi. Hakeem Olajuwon gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, sai da ya kai 15 ya fara ƙwallon kwando. Ya isa jami'ar Houston a 1980 ɗanye shakaf: kakar farko bai buga ba, ta biyu daga benci yake tasowa. A lokutan hutu ya riƙa karawa da Moses Malone, wanda a lokacin yake gwarzon NBA, kuma kowace kaka ana ganin ƙarin da ya yi. Da aka ɗauke shi na farko a 1984, gaban Michael Jordan da ya zo na uku, ya shiga da maki 20 a wasa, ya kawo wa Houston Rockets kofi a 1994 da 1995. Bayan shekara 14, Los Angeles Clippers ta ga wani dogo haifaffen Legas, wanda shi ma ya makara da fara wasan, Michael Olowokandi, yana cin maki 22 a jami'ar Pacific. Ta ɗauke shi na farko a 1998, ta bar Vince Carter da Dirk Nowitzki da Paul Pierce. Kamannin labarin ne ya ja hankali, amma Olowokandi shekararsa 23, a ƙaramin rukuni yake wasa inda ba a cika samun mai tsayinsa ba, Olajuwon kuwa yana 21 ya riga ya buga wasan ƙarshe na ƙasa sau biyu. Olowokandi ya gama NBA da matsakaicin maki 8.

Rahoton likita shi ne abin da jama'a ba sa gani, kuma shi ke iya rushe duk sauran. Portland ta sha wannan ɗacin sau biyu: Sam Bowie a 1984, wanda ya riga ya rasa kaka biyu a Kentucky saboda ƙashin ƙwauri, da Greg Oden a 2007, wanda ta fifita a kan Durant, gwiwa ta hana shi wuce wasa 105 a duk rayuwarsa ta NBA. Sai dai tsoron ma yana da nasa farashin. Joel Embiid ɗan Kamaru ya karye a ƙafa ana saura kwanaki zaɓen 2014, ƙungiyoyi biyu suka tsallake shi, Philadelphia ta ɗauka ta jira kaka biyu cur bai taka fili ba. A 2023 shi ne gwarzon NBA.

Ni dai inda nake ganin ƙungiyoyi suna yawan yin sake shi ne wajen waɗanda suka daɗe a jami'a suna cin wasa. Batun fifita masu ƙananan shekaru gaskiya ne a dunƙule, amma an mayar da shi kamar ba shi da togaciya. Draymond Green ya yi shekara huɗu a Michigan State, aka ce ya yi gajarta ga wannan gurbi, ya yi nauyi ga wancan, ya faɗo na 35 a 2012. Jalen Brunson ya ci kofin ƙasa sau biyu da Villanova, shi ne gwarzon shekara na 2018, ya faɗo na 33. Abin da ya raba su da Fredette shi ne fifikonsu ba na girma ko na riƙe ƙwallo ba ne kawai: Green yana karanta fili yana tsare kowa, Brunson yana samun jifansa ko an matse shi, kuma ya yarda ya zauna a inuwar Luka Doncic a Dallas har lokacinsa ya zo. Ɗan hakin da aka raina ke nan. Stephen Curry ma, bayan ya fi kowa maki a ƙasar a ƙaramar jami'ar Davidson, Minnesota ta tsallake shi sau biyu a jere a 2009, da zaɓe na biyar da na shida.

Yanzu kuɗi ya shigo ya sauya lissafin ta ɓangaren yaran. Wanda aka ɗauka a zagayen farko yana da tabbacin albashin shekara biyu: na farko a 2025 ya fara da kusan dala miliyan 14, na 30 ƙasa da miliyan uku. Na zagaye na biyu ba shi da wannan tabbacin sai abin da wakilinsa ya iya cirowa, sau da yawa kwantiragin da zai riƙa kai da kawo tsakanin NBA da ƙaramar gasarta ta G League. A da ɗan jami'a ba ya karɓar ko kwabo a fili, don haka ko zagaye na biyu ya fi zama. Daga Yulin 2021 aka ba su damar cin kuɗin talla da sunansu, a Yunin 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su riƙa raba wa 'yan wasansu har kimanin dala miliyan 20.5 a shekara a duk wasanni. Yaron da ake hasashen zai zo na 40 yana iya zuwa Chicago, ya ji ra'ayin ƙungiyoyi, ya janye sunansa cikin kwana goma ya koma makaranta, wataƙila ma ya samu fiye da abin da NBA za ta ba shi. Waɗanda suka nemi shiga zaɓe kafin gama karatu sun haura 350 a 2021. A 2025 sun koma 106.

Wannan ya sa tawagogin jami'a suka cika da 'yan 22 da 23 waɗanda a da sun tafi, kuma dole a sake karanta alƙaluman yara da wannan a zuciya. Maki 15 na ɗan shekara 18 a yau ya fi maki 15 na irinsa shekara goma baya nauyi. Cooper Flagg ya fara kakar 2024 a Duke bai cika 18 ba, sai a watan Disamba ya cika, amma ya fi kowa a tawagar maki da cafewa da miƙa ƙwallon da aka ci da ƙwace da doke jifa, duka biyar. Dallas ba ta sha wahalar tunani ba da ta ɗauke shi na farko.

Saura abin da ba a iya aunawa a Chicago, wato gidan da yaro zai faɗa. Leonard ya bar jami'a da kashi 25 cikin ɗari a jifan maki uku, kuma wannan ne ya sa ƙungiyoyi da dama suka ja baya. San Antonio ta ba Indiana George Hill, ɗan wasan da koci Gregg Popovich ke matuƙar ƙauna, don ta samu Leonard, saboda mai koyar da jifa na ƙungiyar, Chip Engelland, ya kalli hannun yaron ya ga gyaran kaɗan ne. Aka sa shi a gefen Tim Duncan da Tony Parker da Manu Ginobili, ba wanda ya nemi ya ci maki, aka ce ya yi tsaro ya tsaya a kusurwa. A kakarsa ta farko, daga layin da ya fi na jami'a nisa, ya ci kusan kashi 38.